Takin da muke rainawa da gubar da muke auna wa juna a tiya

1/ Zare ne mai tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Zan yi magana kan giyar Turawa, kashin shanu, da waken da ake auna muku a kasuwa. 'Yan "subhanallahi" ku dakata da komen, ku karanta har ƙasa tukuna.

2/ E, giya na ce. Haramun ce, ban taɓa sha ba, ba ni da niyya, kuma ba talla nake mata ba. Ni ɗan Jangebe ne, a jihar da Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999. Gonar da ake noma inabin nake so mu leƙa. Kwalbar su riƙe abarsu.

3/ A watan Oktoba 2018, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya yi a New York, an sayar da kwalba ɗaya ta jar giya a kan dala 558,000. Kwalba ɗaya hwa. An yi ta tun 1945, wato ta shekara 73 a kwance. Ku buga kuɗin a naira da kanku, ni kalkuleta ta gaji.

4/ Sunanta Romanée-Conti. Sunan wata 'yar gona ce a ƙauyen Vosne-Romanée, yankin Burgondi na Faransa. Girmanta hekta 1.8, ba ta kai filin ƙwallo uku ba. Mutanen ƙauyen duka ba su kai 500 ba. Irin inabin da suke shukawa shi ake kira pinot noir, mai siririyar fata, mai raki, ciwo kaɗan ya kama shi.

5/ To me suke yi wa gonar nan da ta kai haka? Ku riƙe kujera. Tun wajen 1985 suka daina zuba takin zamani da maganin kashe ciyawa. Takin gargajiya suke sawa. Da hannu suke tsinke inabin. Sun ma dawo da huɗa da doki, wai tarakta tana danne ƙasa ta hana ta numfashi.

6/ Huɗa da dabba, kashin shanu, noma da hannu. Ina kuka taɓa ganin wannan? A gonar Baba. Gonar da kuke jin kunyar ɗauka a hoto. Idan Bafaranshe ya yi, sunansa "oganik" kuma attajiran duniya na layi. Idan dattijon Jangebe ya yi, sunansa ƙauyanci da rashin wayewa.

7/ Wannan raini shi ne abin da ya sa na buɗe zaren nan. Na gaji da ganin yaro ya yi digiri da kuɗin gero, ya dawo yana toshe hanci idan jaki ya wuce da mangalar taki.

8/ Amma kada ku ɗauka duk abin da Turawan nan ke yi na yarda da shi. Akwai wani mataki da suke kira "bayodainamik". Asalinsa wani ɗan Ostiriya ne, Rudolf Steiner, da ya yi laccoci takwas ga manoma a 1924. A ciki akwai hankali: gona ta ciyar da kanta, dabba ta ba ƙasa, ƙasa ta ba dabba.

9/ Akwai kuma abin dariya. A cusa kashin saniya a cikin ƙaho, a binne shi duk tsawon hunturu, a tono, a ɗebi ɗan kaɗan a dama a ruwa na awa ɗaya cur, ana juyawa dama ana juyawa hagu, sannan a yayyafa wa gona. Ana kuma duba wata da taurari kafin a yi shuka ko a yi aski ga itacen.

10/ Don Allah a ce Baba ne aka gani da asuba yana binne ƙaho a kusurwar gona. Kafin azahar magana ta kai ga Hisba. Su kuwa har tambari gare su, Demeter, tun 1928, ana manna shi a kwalba kuɗi ya ƙaru. A wurina ƙahon camfi ne. Abin da ke aiki shi ne takin, da idon mai gona da ba ya barin gonar.

11/ Kuma "oganik" ba ya nufin ba a feshi sam. Masu inabin nan suna fesa sinadarin tagulla don maganin funfuna, kuma yana taruwa a ƙasa, har Tarayyar Turai ta sa masa iyaka. Na faɗa ne saboda 'yan uwanmu masu sayar da zuma da garin zogale a intanet da ke rubuta "oganik ɗari bisa ɗari" kamar wata kalmar tsarki.

12/ Malama mai zogale, wa ya duba gonar? A can, kafin a ba ka wannan suna a gonar itatuwa sai ka shekara uku ba ka zuba abin da aka hana ba, mai bincike na zuwa, yana duba littafinka, abin da ka saya da ranar da ka zuba. A nan kuwa sitika ce ta naira kaɗan a wurin mai firinta.

13/ Yanzu mu zo kan ajiya, don nan ne zancen yake. Rabin darajar kwalbar nan haƙuri ne. Ana zuba ruwan inabin a gangar katako ya yi wajen wata 18, sannan a ɗura a kwalba a kwantar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: duhu, sanyi wajen digiri 12 zuwa 13, babu girgiza, babu iska mai shiga kwalbar. Shekara goma, ashirin, hamsin.

14/ Ilimin duka shi ne sarrafa zafi, laima da iska. Kakanninmu sun san wannan. Rumbun ƙasa da aka ɗora a kan duwatsu don kada laima da gara su hau, aka rufe da jinka don rana. Gero da dawa a zangarniyarsu, dami kan dami, su shekara biyu ko uku ba abin da ya same su. Gidan da ke cin tsohon hatsi shi ne gidan da ake girmamawa.

15/ Wake kuwa, da yake shi ƙwaro ya fi so, sai a cuɗa shi da toka ko yashi mai laushi a tukunya a liƙe baki. Tokar tana cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaro ya rasa wurin motsi. Wasu su ƙara barkono ko ganyen dogon yaro. Tsohuwa ba ta san kalmar oksijin ba, amma ta san abin da take yi.

16/ Mu 'yan zamani da muka waye me muka kawo a madadin wannan? Fiya-fiya.

17/ Kowa a nan ya san abin da nake faɗi, kada wanda ya yi fuskar mamaki. A shimfiɗa wake a tamfol, a kawo Sniper ko ɗan uwansa, a yayyafa, a juya da shebur, a ɗura a buhu. Sinadarin da ke ciki sunansa dichlorvos. Jijiyoyi yake kamawa. Yadda yake kashe ƙwaro haka yake taɓa mutum, bambancin yawa ne kawai.

18/ A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta. Dalili? Dichlorvos. Iyakarsu miligiram 0.01 a kilo. A namu an samu daga 0.03 har zuwa 4.6. Na ƙarshen nan ya ninka iyakar sau 460. Aka yi ta tsawaita haramcin bayan nan.

19/ Tambayar da nake so ku kwana da ita: waken da Turai ta ce ba ta so, ina ya tafi? Teku aka zuba shi? Shi ne ƙosan safe. Shi ne alalar makarantar allo, shi ne garau-garau ɗin da kuke ɗorawa a sitatus da manja da yaji.

20/ Sun kare cikin 'ya'yansu da doka. Mu kuma da muka hana giya saboda tana cutar da hankali da jiki, mun bar guba tana yawo a tiya, ana cewa "Allah sa albarka" bayan ciniki. Wallahi wannan abin yana ci mini rai. Wanda zai yi zanga-zanga idan ya ga kwalba ɗaya a gari, shi ne zai wuce tamfol ɗin feshin wake ya ce sannunku da aiki.

21/ Wanda ya sayar wa mutane abinci ya ɓoye musu aibin da ke ciki, malamai sun gaya mana sunan wannan: algus. Ina so in ji huɗubar Juma'a guda a kan fiya-fiya a wake. Guda ɗaya tak, kafin kaka.

22/ A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Ku shiga kasuwar ƙauye ku gaya mini abin da kuka gani a kan tebur, kusa da ashana da batir.

23/ Ga kuma ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhu. Ita iska mai guba take fitarwa, an yi ta ne don sito rufaffe, a hannun wanda aka koya wa. Mu sai a sa a buhu a jingina a ɗakin da yara ke kwana. Ga maganin ciyawa irin paraquat, wanda Turai ta hana tun 2007, yaro na fesa shi da silifas da singileti, iska na dawo masa da shi a fuska. Jarkar ta ƙare a ɗauraye a zuba man gyaɗa.

24/ Mu Zamfarawa bai kamata a yi mana dogon bayani kan gubar da ido ba ya gani ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyaye na daka dutse a tsakar gida ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Su ba su sani ba. Mai fesa wa wake fiya-fiya ya sani, hoton ƙoƙon kai na jikin kwalbar.

25/ Zai ce mini: "To ya zan yi? In bari ƙwaro ya cinye jarina?" Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Buhun PICS. Masana na jami'ar Purdue a Amurka suka fito da shi tare da masu bincike na Afirka, aka fara yaɗa shi sosai daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje.

26/ Ka busar da wake sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, ta ƙare, su mutu. Ba digon magani. Idan bera bai huda ba, buhun zai yi maka kaka fiye da ɗaya. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam ma haka suke aiki.

27/ Kun lura? Dabarar tukunyar kaka ce da aka liƙe wa baki, aka sa mata rigar leda. Sai da Bature ya sa mata suna muka fara sauraro, kuma har yau wasu sun fi son kwalbar guba saboda ta fi araha da 'yan nairori. Ribar kenan da ake sayar da hantar mutane a kanta.

28/ Na san masu jira su ce: "Wato mu watsar da takin zamani mu koma zamanin jaki?" Ban ce ba, kuma duk wanda ya ce muku haka ku tambaye shi ko ya taɓa ciyar da gida daga gona. Sri Lanka ta gwada. A Afrilu 2021 gwamnatinsu ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya. Shinkafa ta faɗi, abinci ya yi tsada, kafin shekara ta ƙare suka janye, a Yuli 2022 shugaban ƙasar ya tsere.

29/ Mai gonar Burgondi zai iya rage amfanin gonarsa da gangan, don kwalba ɗaya tana biyan abin da buhu dubu ba zai biya ba. Manomin Jangebe mai mata da 'ya'ya goma ba shi da wannan gatan. Mu matsalarmu ma ba yawan takin zamani ba ce. Lokacin taron Abuja na 2006, abin da manomin Afirka ke zubawa bai wuce kilo 8 a hekta ba, aka yi alkawarin kai shi 50.

30/ Abin da nake cewa: takin zamani abinci ne na shuka, taki na gargajiya abinci ne na ƙasa. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ya fi yawa. Idan babu ruɓaɓɓen abu a cikinta, ka zuba yuriya ruwan sama ɗaya ya wanke rabi. Kashin shanu, shara, toka da karan da ya ruɓe su ke riƙe ruwa da takin. Wanda ya haɗa biyun, buhu ɗaya zai yi masa aikin da maƙwabcinsa ke nema da biyu.

31/ Kuma da tsadar buhu a yanzu, wa ya isa ya raina juji?

32/ Ku tsallaka Maraɗi ku gani. Daga 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, a bar tohonsa, a rage rassa, a rene shi. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Ba wanda ya dasa su. Bari kawai aka yi.

33/ Da yawansu gawo ne. Itacen da ke zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke son rana, ya yi kore da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Mu a nan gawo nawa muka mayar gawayi a shekara goma da suka wuce?

34/ Sai dai akwai inda ba zan ɗora wa matasa ko 'yan kasuwa laifi ba. Taki daga dabba yake fitowa. Da can bayan girbi, makiyayi zai sauka da garkensa a gonarka, shanu su ci kara da harawa, su kwana, su bar maka taki. Kai kuma ka ba shi damin gero. Matansa su kawo nono su karɓi hatsi. Ba takarda, ba lauya, kuma an yi ɗaruruwan shekaru a haka.

35/ Abin da Steiner ya tara mutane yana yi musu lacca a kai, gona da dabba su ciyar da juna, mu da Fulani mun gina shi tun kafin a haifi kakansa. Shi ne abin da rikicin nan ya fara kashewa. An sace shanun manomi, an sace na makiyayi, amana ta mutu, kowa na ganin ɗan uwansa ya kama hanya daban. Gonar da ke nesa da gari ta koma daji, ta kusa da gari ta gaji.

36/ Ajiya ma haka. Wa zai cika rumbu ya ce sai shekara uku, alhali a dare ɗaya za a iya cinna masa wuta ko a zo da babura a kwashe? Dole mutum ya sayar da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, ya biya bashi, wani wurin har da harajin 'yan bindiga kafin a bar shi ya girbe. Da damina ya dawo ya sayi hatsin nan nasa da tsada a hannun wanda ya fesa masa magani.

37/ Kwalba ba ta shekara 73 a inda ake gudu da dare. Duk wani jami'i da zai zo ya yi mana taron bita kan "noman oganik" a otal a Gusau, ya fara gaya mana yadda za a je gona a dawo.

38/ Ƙauyen da bai kai mutum 500 ba, duniya ta san shi da ƙasarsa. A Burgondi kowane yanki na gona yana da suna da iyaka a rubuce, guda 1,247, har UNESCO ta sa su a jerin kayan tarihin duniya a 2015. Doka ta hana wani ya ɗauki sunan gonar da ba tasa ba ya manna a kayansa.

39/ Mu kuwa ta yaya duniya ta ji sunan Jangebe? Ranar 26 ga Fabrairu 2021, da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare. Ka rubuta sunan garinmu a Google, abin da zai fito kenan. Ba gero ba, ba wake ba, ba auduga ba.

40/ Alhali ga Bakolori a gefenmu. Dam ɗin da aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, aka ce zai shayar da hekta 23,000. An tashi mutane daga gonakinsu da gidajensu, da suka tare hanya suna neman diyya, a Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma aka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suna maganar ɗaruruwa.

41/ Da jini aka sayi ruwan nan. Shinkafa, dankali, albasa, tumatir da ake nomawa tsakanin Mafara, Bakura da Maradun suna fita a mota-mota, a kai wani gari a sake musu buhu, sunanmu ya ɓace a hanya. Ko a Najeriya wa ke shiga shago ya ce a ba shi shinkafar Bakolori?

42/ Nan ne aikinku yake, ku masu waya a hannu awa goma sha takwas. Kun iya bidiyo, kun iya talla, kun sa an san masu rawa da masu barkwanci har Sudan. Mutum goma su haɗu, su sayi wake a hannun manoman da suka sani, su zuba a PICS a gaban kyamara, su rubuta sunan ƙauye, sunan iri, ranar girbi da ranar ɗauri a jikin buhu.

43/ Bayan wata shida a kwance a gaban kyamara. A kai samfuri a gwada a ɗakin bincike, a ɗora takardar kowa ya gani. Uwar gida a Abuja ko Legas da ke tsoron abin da take ba 'ya'yanta za ta biya ƙari a kan wannan, kuma za ta gaya wa ƙawarta. Amma ranar da ɗayanku ya cusa buhu ɗaya mai magani a ciki don kwaɗayi, sunan ya mutu, har da na ƙauyen.

44/ Masu son abin sha mai ja a kofin gilashi kuma, ga zoɓo nan. Halal, namu, kuma 'yan Meziko na sayen sa daga Jigawa da Kano kwantena-kwantena. Inabin ci ma ana noma shi a Kudan kusa da Zariya. Amma wannan zaren wata rana ne.

45/ Talata mai zuwa wanda zai shiga kasuwar Mafara ya yi mini abu ɗaya. Kafin a auna maka, ka tambayi mai wake: "Alhaji, da mi aka aje wanga?" Ka dubi idonsa lokacin da yake ba ka amsa. Waken da ya kai watan bakwai a buɗaɗɗen buhu ba huda ko ɗaya, ba ƙwaro ko ɗaya yana yawo a kai, ƙuda ma na kauce masa, ka tambayi kanka abin da ƙwaron ya sani.

46/ 'Yan kasuwar hatsi da ke bibiyata, na san kuna nan, wasunku 'yan uwana ne na jini. Komen a buɗe yake. Ku zo ku gaya mini nawa ne bambancin kuɗin buhun PICS da kwalbar fiya-fiya a kan kowane buhu, mu yi lissafin a gaban kowa.